Masu Shuka a Sama

Da jikarta ta nuna mata wani haske yana ratsa sama bayan magariba, ta ce akwai mutane a ciki, sai tsohuwa Haboba ta ajiye buta.

"Mako guda suka je yi, Haboba, ga shi sun kusa shekara."

"Ikon Allah! Me suke ci?"

"Ana aika musu. Har ganye suke shukawa."

Tsohuwar ta bi hasken da ido har ya ɓace bayan gonakin Hajj Abdalla.

"Sun yi shuka? To, a daina jiransu. Ubana ma da ƙafa ya taso daga Sakkwato, zai je Makka, har ya iso nan Sudan. Ya tsaya nan ya shuka auduga, wai shekara ɗaya kawai."

Ta nuna maƙabarta da haɓa.

"Ga shi can, har yau yana kan hanya."