Barkono Mai Lamba Biyar

Salihu ya ɗaga yatsu biyar tun kafin mai kawo abinci ta ƙaraso teburinsu.

A wannan ƙaramin gidan abinci na bayan unguwar Sanyuanli a ƙasar Sin, inda wani Musulmi ɗan kudancin Tailan ke dafa abincin ƙasarsu da na Biyetnam, barkono lamba-lamba ne, daga ɗaya zuwa biyar. Shekara uku Salihu na zuwa, bai taɓa sauka daga biyar ba. Mu Kanawa in mun samu abin taƙama ba ma ɓoye shi, shi kuwa nasa har ya fi na kowa.

Yau da dalili ya zo. Hajiya Saffana da ke zaune tare da shi, 'yar kasuwa daga Maraɗi, tana neman wakilin da zai riƙa tsaya mata a masana'antun wandon jins na garin Xintang. Sharaɗinta ɗaya ne: mutum ya iya karanta rubutun Sin, don takardu kan ci mutane. Salihu ya ce mata ai shi kamar Hausa yake karanta shi. Gaskiyar magana, bayan gaisuwa da godiya da "meyo", wato babu, sauran duk da hannu yake yi. Amma wannan aiki yake so kamar ransa.

Mai kawo abincin ta dubi yatsunsa, ta waiga bangon da ke kusa da ƙofar kicin, ta yi murmushi ta shige.

Hajiya lamba biyu ta nema, a miyar jatan lande mai tsami. Cokali huɗu ta yi, ta fara sharce gumi da gefen mayafi. Shi kuwa gogan naka ya ja kwanonsa, ɗan rawaya mai zanen agwagwa wanda kullum a ciki ake zuba masa, yana zuƙar taliyar shinkafa da romo, ko tari babu.

"Malam Salihu, kai kam cikinka na ƙarfe ne," in ji ta.

Daɗi ya kama shi. Ya nuna mata bangon nan. Ga hotonsa a manne, idanu jajur, da layi biyu na rubutun Sin a ƙasa. Ya ce ranar da ya fara zuwa aka ɗauka. Jiri ya ɗan ɗebe shi a ranar, gajiyar jirgi ce kawai.

"Mi aka rubuta?"

Ya ƙanƙance ido, ya bi layin da yatsa a hankali yadda malamai ke yi. "Sarkin barkono, baƙonmu daga Afirka."

Hajiya ta ce Masha Allah, wannan sai an gani a Maraɗi. Ta tashi ta ɗauki hoton da wayarta. Ta daɗe tana kallon wayar, kafaɗunta na ɗan motsi, shi kuma ya ɗauka barkonon ne bai sake ta ba.

A bakin ƙofa ta yi masa godiya sosai, ta ce batun wakilci kuma za ta duba wani wajen. Ya tambayi laifinsa. Sai ta miƙo masa wayar, wadda ta riga ta fassara rubutun:

"Wannan baƙon ya taɓa sume mana a nan. Ko lamba nawa ya nema, a ba shi miyar yara."