Abin da Ke Ka da Alhaji Kailu

Karo na biyu da aka kwaso Alhaji Kailu daga tsakanin huhunan goronsa a kasuwar Adjamé da ke Abidjan, 'yarsa Adawiyya ta bar ofishinta na bakin tashar jiragen ruwa, ta kai shi wurin likita a Treichville.

Faransancin Alhaji na cinikin goro ne. Hausar Adawiyya, haifaffiyar Abidjan, ta gaisuwa ce da aike. A haka aka naɗa ta tafinta.

Likita ya tambayi abin da ke damunsa. Alhaji ya riƙe gefen gado, ya runtse ido, ya faɗa. Adawiyya ta ji sunan mahaifiyarta, Hajiya, wadda ta rasu bara a Madawa, garinsu na asali. Har harshensa na sarƙewa a tsakiyar sunan.

"Ita ke ka da ni. Ko juyi na yi bisa gado sai ta zo."

Ta fassara da hawaye. Likita ya auna jini, ya ga lafiya lau, ya rubuta maganin barci. Kewa ce, in ji shi, kuma canjin iska zai taimaka.

Maganin ya yi aiki gwargwadon hali: Alhaji ya koma faɗuwa cikin natsuwa. Ya daina ɗaga kai ya dubi saman rumfa. Salla sai a zaune. Kullum dai sunan nan.

Adawiyya ta yanke shawara irin ta 'ya ta gari. Ta sallama wa wani rumfar da ya shekara arba'in a cikinta, ta sa shi mota zuwa Madawa, kusa da kabarin. A tasha ya ce, "Likita ne ya ce in tafi?" Ta ce e. Ya shiga mota.

Kafin wata ya mutu ƙanwarsa, Gwaggo Tabawa, ta bugo waya. Ya faɗi a bakin rijiya, ƙugu ya karye, ba a sa ran zai sake takawa. Malamin asibiti ya ce asalin abin daga cikin kunne ne, wasu 'yan tsakuwa da suka goce. Juya masa kai kawai ake yi su koma. Da an yi tun a can.

"Gwaggo, ai kewar Hajiya ce. Shi ya faɗa da bakinsa."



"Wace Hajiya, 'yar nan? Hajijiya yake ce miki. Jiri."