Bugu na Uku

"Ku bar mini shi," in ji nas ɗin, ya jawo kujera gaban gadon.

Tsohon nan da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa magana malaminsa ne na firamare. A ajinsa, mai in'ina bugun rula uku a kan tebur kawai ake jiransa. In kalmar ba ta fito ba, sai ka ji, "Zauna, bebe!" aji ya kwashe da dariya. Shekara talatin dariyar nan tana kunnen nas ɗin.

Ya ɗaga kofi. "Malam, mene ne wannan?"

"Ko... ko..."

Nas ɗin ya zaro biro, ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon. Ɗaya. Tsohon ya zaro ido. Biyu. Ya gane shi.

"Daure mana, Baba," in ji 'yarsa.

Nas ɗin ya ɗaga biron, ya riƙe shi a sama har sai da ya ga hawaye. Sannan ya mayar da shi aljihu.

"A ajina babu uku, Malam. Ina jira."

An daɗe. "Ko...fi."

"Ka gani? Da ka jira, ni ma da na faɗa."