Sarakuna Goma Sha Ɗaya

Da na buɗe akwatin, sai na tarar da tsabobin azurfata goma sha ɗaya sun zama sumul kamar murafen kwalba.

Shekara ashirin na yi ina tara kuɗin Rumawan nan. Kowanne da fuskar sarkinsa: mai dogon hanci, mai gemu, mai kambin ganye. Sun daɗe binne, ƙasa ba ta ci su ba. Mako uku kacal na yi a asibiti.

“Yaya, wa ya taɓa mini waɗannan?”

“Ni na kai wa maƙeri a Ƙofar Wambai ya goge su,” in ji shi, yana jan carbi. “Mala'iku ba sa shiga gida mai hoto. Ga shi kuwa ka tashi. Ba sai ka gode ba.”

Na kasa ko kallonsa.

Ya laluba aljihu, ya zaro sabuwar dubu ɗaya ya ajiye mini a kan matashi. “Ka sayi lemo.”

Na dube ta. Fuskoki biyu ne a jikinta, ba wanda ya taɓa ko hancinsu.