Madaukan Dangwali da Babu Maruƙa

Ka zo mini daga asibiti da murna, wai gwajin da kuka yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna cuta mai karya garkuwar jiki ta ja baya, saboda haka gari ya zauna lafiya. Allah ya sa haka ne. Amma sauke jakarka tukuna ka ji wani misali.

An yi wani manomi da ya tara shanu da gumin gonarsa, yana ji da su kamar tsoka ɗaya a miya. Aikin gona ba ya barinsa ya bi su, don haka garken yana can fadama a hannun ƙanensa, masu shayarwa kaɗai ake kawowa gida saboda nono. Kullum da safe lokacin tatsa yakan tsaya a bakin dangwali, igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa, duk saniyar da ta zo wurin ɗanta ya shafa bayanta, ya duba idonta da hantsarta. Kullum sai ya same su sumul ƙalau. In an tambaye shi lafiyar garke sai ya ce sai godiya, ai da idonsa ya gani. Kuma bawan Allah ba ƙarya yake yi ba. Ashe bakkale ta shiga shanun, cutar nan da ke sa saniya ɓari. Wadda ta yi ɓari ba ta da ɗa a dangwali, me zai kawo ta gida? Bijimi kuwa ko a mafarki ba a tatsarsa. Ƙanen yana ganin ɓarin ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ƙaddara ce, ba ya son tayar wa yayansa hankali. Cutar da kanta take tsame marasa lafiya daga inda mutumin yake dubawa.

Ana nan sai wani dattijo maƙwabcinsa ya zo aron bijimi don shanunsa, ya same shi a bakin dangwali. Manomi ya ce zai sa a kawo masa daga fadama, har da bugun ƙirji, garkensa ko tari babu mai yi. Dattijo ya yi godiya, sannan ya sunkuya ya ɗaga wutsiyar igiyar da ke kwance cikin ƙasa, madaukanta wayam. Ya ce, "Ɗana, bara war haka igiyar nan cike take. Ina iyayen waɗannan?" Manomi kullum yana tsallake madaukan nan, bai taɓa tambayar kansa ba. Ranar ko gona bai leƙa ba, ya ɗauko malamin dabbobi suka nufi fadama, aka ɗebi jinin kowace dabba, mace da namiji. Aka samu cutar a jikin wasu, kuma kan gaba a cikinsu bijimin da ya yi alkawarin bayarwa. Aka ware su, sauran garken ya tsira, na dattijo ma cutar ba ta taka shi ba. Manomi ya je gidan dattijo babu bijimi, sai goro a hannu da ƙwalla a ido, ya durƙusa ya yi masa godiya. Bai daina tsayuwa wurin tatsa ba, don shanun nan masu zuwa kullum su ne suka sa yake da igiyar da ta tona asirin cutar. Sai dai daga ranar, in ya gama duba waɗanda suka zo, yakan tambayi waɗanda ba su zo ba.

To, matan nan da ke tako ƙasa su miƙa muku hannu a ɗebi jininsu, Allah ya saka musu da alheri, da ba don su ba da a duhu kuke. Amma mijin yana kasuwa, wadda ciwo ya hana ɗaukar ciki tana ɗaki, wadda ke haihuwa a gida ba ku taɓa ganin fuskarta ba. Mutum kuwa ba saniya ba ne da za a ware shi, magani yake jira, kuma ba ya samu sai an same shi. Ku gode wa Dala da ta nuna muku hanya, sannan ku ci gaba da tafiya, don Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.