Ranar da Ɗantani Ya Amsa Albishir

Tun da doka ta ƙayyade la'adar dillalai masu nemo wa magada dukiyar da aka manta, sai dillalan suka daina karɓar la'ada, suka koma karɓar goron albishir. 'Yan majalisa suka ce wannan al'ada ce, ba ruwansu. Idan dillali ya ce maka "albishirinka", ka amsa "goro", wayarsa ta naɗa, to rabin dukiyar ya zama nasa. Mu kuwa, maimakon mu tayar da ƙura, sai muka koya wa yara yin shiru.

Ɗantani tela yana so ya karɓo gonar mahaifinsa daga hannun hukuma da kansa. Dillali Sallau ya bi shi har ƙofar masallaci.

"Malam Ɗantani, albishirinka."

"Ina gajiya, Sallau?"

"Fari ne fa, tas."

"Ka ci abinka."

Ɗantani ya yi sauri gida, don matarsa na naƙuda tun safe. Gwaggonsa ta tare shi a zaure tana guɗa.

"Ɗan nan, albishirinka!"

"Goro, Gwaggo!"

"Ba ta haihu ba tukuna," in ji ta, tana miƙa wa Sallau wayarsa ta saman katanga, ta riga ta naɗi amsar. "Amma an ga gonar."