Wa Ya San Barcin Gwadabe?

Gwadabe ɗan kamasho ya sha faɗa a tashar Ƙaura cewa tsoro bai san hanyar gidansu ba. Ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Shinkafi, wai har goro ya ɓara yana kallonsu. Waɗanda suka ga shigowarsa gari ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, ba su dai tanka ba.

Ana nan sai ga baƙi daga jami'a. Bincike suke kan yadda rashin tsaro, barin gona da watsewar dangi ke taɓa kwanciyar hankalin mutane. Shugabarsu Dakta Hanifa ce. Kullum tana tare da wata 'yar gari mai niƙabi da safar hannu, wadda ke shigar da su gidaje. Ita wannan ba a jin muryarta, sai raɗa a kunnen Dakta.

Gwadabe ya ce bai yarda ba. A ƙasar nan, duk mai tambayar ku nawa ne a gida, ina kuke kwana, sunansa infoma. Don ya kama su dumu-dumu, ya kai kansa a yi hira da shi bayan tasha.

Ya shirga musu ƙarya son ransa: barci kamar gawa, cin tuwo kamar gara. Mai niƙabi ta sunkuya ta yi raɗa.

"Malam Gwadabe," in ji Dakta a hankali, "akwai masu kwana da takalmi a ƙafa. Kana cikinsu?"

Aka sake raɗa.

"In babur ya wuce da gudu, kakan bar kwanon tuwo ka shige bayan randa?"

Ko abokansa na majalisa, da ya daina zama da su tun bara, ba su san wannan ba. Lallai ana leƙen gidansa.

Ya garzaya gida don ya tambayi matarsa Rahina ko wani baƙo ya shigo, aka ce masa ta tafi Islamiyya, kamar yadda ta tsira kwanan nan. Ya zagaye katanga, ya toshe rariya, ya harari maƙwabci. Kwana biyu har akuyar gidan bai yarda da ita ba.

Ranar kasuwa ya tare baƙin a tsakiyar tasha, ya nuna mai niƙabi, ya kwarma ihu: "Jama'a, ga infoma!"

Nan take aka yi musu zobe. Samari suka fara zaro gora, kowa kuma ya san abin da kan biyo bayan wannan kalma. Dakta Hanifa na rantsuwa, ba mai saurare. Mai niƙabi ta ƙame.

Sha'aibu direba ya ce, "Dakata. Mi ta yi? Kawo hujja."

"Hujja? Wa ya gaya mata da takalmi nike kwana? Wa ya gaya mata in na ji babur bayan randa nike shigewa? In ba leƙe ba, ya aka yi ta sani?"

Can baya wani ya ƙyalƙyale, dariya ta kama kamar wutar kara. Gwadabe ya so ya haɗiye maganarsa, amma ta riga ta fita. Ya dage dai sai an ga fuskar mai niƙabi.

Tunda namiji ba ya taɓa niƙabin matar mutane, aka kira Hajiya Zubaida mai abinci. Ta goge hannu, ta ɗaga ƙyallen kaɗan, ta leƙa. Sai ta sake shi, ta tafa hannu tana salati.

"Ku aje gorarku, 'yan nan. Gwadabe, in wagga ba ta san barcinka ba, wa za ya sani? Rahina ce, uwar ɗiyanka!"